Gidan da Bai Sami Tasha Ba

Amosa direban bas ne a Logan, kudu da Brisbane, bana shekararsa goma sha tara a kan sitiyari. Mutum ne mai jiki, mai tafiya a hankali, ko fasinja ya zage shi ba ya ɗaga murya. Waɗanda suka saba shiga motarsa ta safe sun san shi da abu biyu: yana jiran tsohuwa ta zauna kafin ya ja, kuma a 'yan shekarun nan leɓensa ba ya daina motsi. Wasu sun ɗauka addu'a yake yi.

Yana ɗan shekara shida iyayensa suka baro Vaitulu, can Samoa. Abin da ya rage masa na garin bai wuce ƙamshin hayaƙin ɓawon kwakwa ba, sai wani kare mai ƙafa uku. Yarenmu yana bakinsa, amma na kicin ne, na a miƙo gishiri, a rufe ƙofa, a yi shiru fasto na magana. Yaren da ake tsayuwa da shi gaban manya da sanda a hannu wani abu ne dabam, kuma bai taɓa zaton zai buƙace shi ba, tunda akwai Baffa Enoka.

Enoka ƙanen mahaifinsa ne, shi ke riƙe da sarautar Lavamoa, wato mai magana da yawun dangi. Biki ne, mutuwa ce, tarbar baƙi ce, shi ke miƙewa. Kafin ya taɓa abin da ya tara mutane sai ya gaida gidajen sarautar Vaitulu ɗaya bayan ɗaya, kowanne da kirarinsa. Shekara talatin bai yi tuntuɓe ba. Sai wata Lahadi ana cin abinci bayan coci, kofin shayi ya suɓuce daga hannunsa. Ya rayu, amma ɓarin dama ya shanye, kuma duk maganar da ke cikinsa kalma biyu ce ta rage masa a baki: "a'a" da "sake".

Dangi suka yi zama uku a kan maganar, na Logan a falon Enoka, na Auckland da na gida ta waya. Ɗan Enoka na fari yana haƙar ma'adinai can yamma, mako biyu a daji, mako ɗaya a gida. Na biyun ko gaisuwa ba ya iya kai wa ƙarshe da yaren. Sai ido ya faɗa kan Amosa, mutumin da ba ya shan giya, ba a taɓa jin sa da kowa ba, ba ya fashin coci. Ba tambayarsa aka yi ba, sanar da shi aka yi. Aka sa shi a jirgi, ya kwana huɗu a Vaitulu, aka zaunar da shi a zauren taron gari aka naɗa masa sunan. Da ya dawo matarsa Sieni ta tambaye shi yadda zauren yake, ya ce tabarmar tana da kyau. Ita kaɗai ya gani, don kansa a sunkuye yake har aka tashi.

Daga ranar babu mai ce masa Amosa sai katin aikinsa, sai Sieni in ranta ya ɓaci.

Enoka bai taɓa rubuta komai ba. Amosa ya bi gidajen dangi yana aron tsofaffin bidiyon bukukuwa, sai ya tarar masu ɗauka sun saba yanke jawabin tsoho a tsakiya su ɗora kiɗa. Nan ya tsinci gida uku, can biyar. Wata gwaggo a Auckland ta karanto masa huɗu ta waya tana tari, ta ce sauran ta manta, ko da yake an san waɗanda ta manta ɗin su ne ba ta shiri da su. Ya tara abin da ya samu a bayan takardun jadawalin mota. Ya karanta da safe, kafin rana ta take sun zube.

Shekara guda cur dangi suna aron mai magana daga wani gida. A yi taro, Lavamoa na zaune da sandarsa a gefe, baƙo na yi musu magana. Ba wanda ya ce masa uffan, kuma da an ce ɗin da ya fi masa sauƙi.

Sieni ce ta kawo maganar katunan. Tana aiki a gidan kula da tsofaffi, kuma da za ta yi jarrabawar ba da magani, wata manhaja ce a waya ta fitar da ita. Ta ce abin ba wuya. Ka rubuta tambaya a gaban kati, amsa a bayansa. Kati ya fito, ka amsa a zuci, ka juya ka gani, sannan ka gaya wa wayar gaskiya. Maɓalli huɗu ne: maimaita, da wuya, daidai, da sauƙi. Wanda ya ba ka wahala gobe zai dawo. Wanda ka iya sai ta ɗaga shi gaba, ta dawo maka da shi daidai lokacin da ya kusa zamewa.

Ya ce, "Ita ta san ranar da zan manta?"

"Ta fi ka sani, ranka ya daɗe. Kai da ranar haihuwata ma sai an tuna maka."

Ta ce ya gwada da abin da ya riga ya sani. Sai ya rubuta gidan su mahaifiyarsa, marigayiya Talia, 'yar gidan Seulagi. Wannan kirarin ba a bidiyo ya same shi ba. Da shi take yi masa wanka yana ƙarami, tana rerawa tana cuɗa masa bayan kunne: Seulagi mai tsaron bakin rafi, wanda kwale-kwale ke kwana a inuwarsa. Katin ya fito, ya yi dariya, ya danna da sauƙi. Bayan kwana huɗu ya dawo, ya sake dannawa. Sai mako biyu, sai wata biyu. Bai lura da ranar da ya daina ganinsa ba.

Sauran katunan ba su yi masa wannan kirkin ba. Bayan gidajen Vaitulu sai na garuruwan maƙwabta, tunda baƙo daga ko'ina zai iya fitowa. Sai kalmomin girmamawa, don ba a cewa mai sarauta ya ci, ko ya kwanta, ko ya rasu da kalmar da ake faɗa wa kowa. Sai yadda ake buɗe jawabi a gidan biki da yadda ake buɗe shi a gidan makoki. Kafin shekara ta zagayo katuna sun haura dubu, kuma kowace safiya akwai lamba tana jiransa a fuskar wayar: ɗari da tamanin, ɗari biyu da goma.

Yakan yi hamsin kafin ruwan shayi ya tafasa, talatin a gareji kafin a ba shi makulli. Doka ta hana direba taɓa waya a kan sitiyari, shi kuwa ba mai karya doka ba ne, don haka tana cikin jaka. Amma a ƙarshen hanya akwai hutun minti bakwai. Nan sauran direbobi ke miƙe ƙafa su sha taba, shi yana tsaye a inuwar mota yana dannawa. Abincin rana da hannu ɗaya yake ci. Har a coci ya fara ɓoye ta a bayan littafin waƙa, sai da Sieni ta taka masa ƙafa.

Sau ɗaya mura ta kwantar da shi kwana uku. Da ya tashi ya tarar da ɗari shida da arba'in, ba wanda ya gaji da jira ya tafi. Mako biyu ya yi kafin ya ga ƙarshensu. Tun daga nan bai sake fashi ba, ko ranar Kirsimeti, ko ranar da aka yi wa Sieni aikin ido, don a kujerar jira ya gama na ranar. Manhajar tana lissafa masa kwanakin da ya jera ba fashi. Da suka wuce ɗari huɗu sai ya fara jin tsoron lambar fiye da tsoron shugaban gareji. Sandar kamun kifinsa ta Asabar tana bayan ƙofa, gizo-gizo ya yi mata gida.

Wata Asabar Sieni ta ajiye masa gwaza da madarar kwakwa, ta tsaya tana kallonsa har abincin ya huce.

"Namiji guda na aura, cikakke, a gaban fasto. Yanzu babban yatsa kawai ya rage mini."

"Saura goma sha biyu."

"Jiya ma saura goma sha biyu, Amosa."

Ta tuna masa cewa ita ranar da ta ci jarrabawa ta goge manhajar tun kafin ta fito daga ginin. Ya koma kan wayar. Jarrabawarta tana da rana, kuma an yi ta an gama.

Ana nan sai cocinmu ya kammala sabon ɗakin taro, aka sa ranar buɗewa. Labari ya zo cewa mutum arba'in za su zo daga Vaitulu, da masu sarauta a cikinsu, har da Kawu Filemoni, yayan mahaifiyarsa, wanda shi ne Seulagi, tsoho mai shekara tamanin da bai taɓa hawa jirgin sama ba. A gaban baƙi ana iya aron baki. A gaban mutanen da suka naɗa ka da hannunsu ba a yi. Wata uku ya rage.

Ranar Laraba ba ya aiki, sai ya tafi gidan Enoka da hantsi don ya karanta masa. Tsoho na kan kujerarsa mai taya kusa da taga. Amosa ya gyara murya ya soma, gida da kirari, gida da kirari, ba ko gargada.

"A'a," in ji Enoka. "Sake."

Ya sake, wannan karon ya fara da wani gidan dabam, wanda ya fara zuwa masa a ka. Enoka ya buga hannun hagu a kan kujera har wayar da ke tebur ta motsa. A karo na uku Amosa ya tsaya da kansa. Shekara biyu wayar tana cakuɗa masa katuna, kowace safiya da yadda za su fito. Ya san kowane gida kamar tafin hannunsa, amma bai san wa ke gaban wa ba. A wurinmu kuwa an taɓa yin gidaje biyu da suka shekara ashirin ba sa gaisawa a kan abin da bai kai wannan ba.

Enoka ya daɗe yana kallonsa. Sai ya nuna kofi, ya nuna ƙasa. Amosa ya ajiye. Ya nuna wani kofin, ya nuna gefensa. Haka suka bi da gwangwanin nama, da kwalbar man zafi, da murfin tukunya, ana jera su a da'ira a tsakar falo. Da aka ajiye na takwas, silifa ce, sai tsoho ya kamo gefen zanen da Amosa ya ɗaura irin na mazanmu ya ja shi ƙasa, ya nuna masa ya zauna nan kusa da silifar. Kunya ta kama Amosa, ya ɗauka tsayuwar da yake yi a kan babba ce ta ɓata masa rai. Ya zauna. Sauran kayan da rarrafe ya jera su, kuma duk sanda ya ajiye ɗaya sai tsoho ya nuna masa ya koma inda aka zaunar da shi.

Da da'irar ta rufe sai ya gane abin da yake kallo. Ginshiƙan zauren Vaitulu ne. Kowane gida yana da ginshiƙin da mai sarautarsa ke jingina, kuma ba a musanyawa. Ashe Enoka bai taɓa haddace jeri ba. In ya miƙe, ko a ina yake, zauren yake shiga a zuci ya bi ginshiƙai da ido.

Amosa ya shiga kiran sunayen da yake gani kullum a waya, tsoho yana nuna masa abin da ke madadin kowanne. Tuivai, mai fara shan ava, abin shan da ake zagayawa da shi a taron masu sarauta, shi ne kofin farko. Palemoa shi ne silifa. Lealavai shi ne rimot ɗin da ke ɗaya gefen Amosa. Ya rubuta su a jere. Suna ashirin da biyu, kaya ashirin da biyu, ba ragi ba ƙari. Ya ɗago yana murmushi. Enoka ya nuna shi da yatsa, ya daɗe yana nunawa.

"Sake."

Ya sake karantawa daga takarda. Tsoho ya rufe ido.

Ginshiƙan ba su zauna masa a ka ba. Duk sanda ya yi ƙoƙarin shiga zauren a zuci, tabarma yake gani. Sai ranar Alhamis da safe, yana jiran danja, ya tsinci kansa yana lissafa tashoshin hanyarsa, daga tashar jirgin ƙasa har ƙofar asibiti inda yake juyawa. Ashirin da biyu. Ya ce a ransa wannan ba yin mutum ba ne.

A mako guda ya raba musu wurare. Ya zaunar da Tuivai a kan bencin tashar jirgi da ƙwaryar ava a hannu. Wani ya ajiye shi a ƙofar makarantar firamare yana tsallakar da yara, wani a shagon kifi na 'yan Vietnam da ƙaguwa maƙale a zanensa, don ya lura abin dariya ya fi zama a ka. Palemoa ya hau kan injin wanki a shagon wanki, tasha ta takwas, injin na girgiza shi. Lealavai na tsaye a gidan mai, tasha ta tara, yana kore ƙuda da bututun fetur. In ya buɗe ƙofa sai ya gaida mai wurin, in ya rufe sai ya ƙarasa kirarin. Sau shida a rana. A hanyar dawowa kuwa yakan datse bakinsa ya kafa ido a kan titi, kada jerin ya shiga masa a juye.

Abin ya yi aiki. Sai dai da can, in yana tuƙi, kansa nasa ne. Yakan yi tunanin kifi, ko ya saurari hirar tsofaffin da ke kujerar gaba. Yanzu hutu na waya ne, hanya ta masu sarauta ce, kuma katunan ba su ragu ba don an sami hanya.

Saura mako biyu ya koma wurin Enoka, wannan karon da Sieni. Ya miƙe da sanda ya tayar da motarsa a zuci. Tashar jirgi, makaranta, shagon kifi, tsoho na gyaɗa kai. Shagon wanki. Gidan mai.

"A'a."

Ya ɗauka muryarsa ce ta yi ƙasa, ya koma shagon wanki ya ɗaga ta. "Sake." Ya ɗauka numfashi ne bai ja a inda ya dace ba, ya gyara. "Sake." Sau biyar. A na shida Enoka ya juya fuska wajen taga. A mota Sieni ta ce kada ya damu, tsoho ne, ciwo ya gajiyar da shi, kuma wanda ya shekara talatin yana abu ba ya son ya ga wani ya iya.

Ranar buɗewa Asabar ce, rana ta fito tun da wuri. Baƙi suka zauna a ƙarƙashin rumfa a ɗaya gefen filin, masu sarauta a gaba a kan tabarmi, mu muna wannan gefen. Aka turo Enoka aka ajiye shi a inuwa. Amosa ya gama katunan ranar tun a kicin, ɗari da casa'in da huɗu, ya ba Sieni wayar ta sa a jaka. Ya fito tsakiyar ciyawa ba takalmi, ya kafa sanda, ya wurga wutsiyar zaren kwakwa ta masu jawabi a kafaɗa kamar yadda ya gani a bidiyo.

Muryar da ta fito ba wanda ya san yana da ita. Tuivai ya sunkuyar da kai ya karɓi gaisuwarsa. Daga rumfa aka fara cewa madalla, madalla, kowane gida da amsarsa. Matan da ke kicin suka leƙo da ludayi a hannu. Shi bai ga kowa ba, titi yake gani, ƙofa na buɗewa tana rufewa. Ya sauke Palemoa a shagon wanki, ya ja, ya tsaya a gidan mai.

Can cikin inuwa wani ya ce "a'a", a hankali, sau ɗaya.

Ya ci gaba. Sai wajen tasha ta goma sha biyar ya lura madallar ta ɗauke, amma mota in ta ɗauki hanya ba a tsayar da ita a tsakiyar titi. Ya kai ƙofar asibiti, ya yi maraba da baƙi, ya gode wa Allah da ya kawo su lafiya, ya zauna. Wurin ya yi tsit, har ana jin injin sanyaya kaya a bayan kicin.

Mai maganar baƙi ya miƙe, wani siririn dattijo. Ya gaida gidajen tun daga farko, ba gaggawa. Da ya wuce Palemoa sai ya dakata, ya juya wajen wani tsoho mai farin gashi da ke zaune ya dafa gwiwa, ya ce Seulagi mai tsaron bakin rafi, wanda kwale-kwale ke kwana a inuwarsa. Ya faɗa sau biyu. Sannan ya wuce Lealavai. Da ya gama ya ce suna godiya ga Lavamoa da ya tausaya wa jirgin sama, sun zo gida ashirin da uku, ga shi an rage musu kaya za su koma ashirin da biyu. Ba wanda ya yi dariya sai wata mata a baya, ita ma ta mayar da ita tari.

Amosa yana zaune, abin da ya gani a ransa falon Enoka ne: silifa a wannan gefe, rimot a wancan, da wanda aka zaunar a tsakani.

Akwai wani abu kuma da ya ji a lokacin, wanda bai gaya wa kowa ba sai da aka daɗe. Ƙarƙashin kunyar, can ƙasa, wani ɗan sanyi ya ratsa shi. Ya ce a ransa shi ke nan, za su karɓe sandar. Har sandar kamun kifin ta faɗo masa a rai.

Da aka zauna cin abinci ya ajiye sandar, ya tsallaka filin a duƙe, ya zauna a ƙasa gaban Kawu Filemoni, kansa a sunkuye. Tsoho yana cin kifi. Ya cire ƙaya ɗaya bayan ɗaya ya jera a gefen faranti, ya sha ruwa, ya wanke hannu a kwanon da aka miƙo masa. Sannan ya tambayi na kusa da shi ko wane ne wannan.

Amosa ya ce, "Ɗan Talia ne, Seulagi."

"Talia. Ta wane gida?"

Ya buɗe baki zai faɗa da muryar jawabi, sai abin ya fito da waƙar wanka, da ɗan jan da take yi a kan bakin rafi in ta kai bayan kunne. Bai iya tsayar da shi ba sai da ya kai ƙarshe. Tsoho ya kalli farantinsa.

"Haka uwarmu take rera shi," ya ce. "Ashe yana nan."

"Yana nan."

"To ina ka ajiye shi?"

Amosa ya nemi yadda zai yi bayanin maɓalli huɗu ga mutumin da jiya ya fara ganin matakala mai tafiya da kanta. Ya ce, "Wayar ce ta ga na iya shi, sai ta daina nuna mini."

"Waya," in ji tsoho. Ya juya wajen mai maganar baƙi. "Ka ji. Mu da ba mu ba shi wahala ba, mu aka bari a hanya. Da mun sani da mun yi masa taurin kai irin na Palemoa."

Wannan karon an yi dariya, har da Palemoa. Amosa ya jira sauran. Kawu ya goge baki ya ce baɗi cocin Vaitulu zai cika shekara ɗari, za a zo daga garuruwa goma sha ɗaya, kowane gari da gidajensa. Lavamoa ne zai tarbe su, a cikin zauren, a gaban ginshiƙan. Ya ce shi dai in yana raye yana nan jingine a na tara, in kuma ba ya nan, ginshiƙin yana nan. Sai ya sa aka ɗauko sandar daga inda Amosa ya ajiye ta, aka miƙa masa.

Ya karɓa da hannu biyu.

Da za su tafi ya tura Enoka zuwa mota. Sai da ya sunkuya zai ɗaga shi, tsoho ya ɗora tafin hannunsa na hagu a ƙirjinsa, ya bar shi nan na ɗan lokaci.

Ranar Litinin lambar ɗari biyu da sittin da uku ce. Kafin ya taɓa ko ɗaya ya nemo katin farko. Wayar ta rubuta a ƙasansa cewa zai dawo bayan shekara ɗaya da wata huɗu. Ya mayar da shi sabo, kamar bai taɓa ganinsa ba, kuma da ya fito ya amsa daidai, sai ya danna maimaita. Sieni na tsaye da rigar aiki tana kallo. Ta tambaye shi garuruwa goma sha ɗaya kati nawa ne, ya ce bai lissafa ba tukuna. Ta ɗauke sandar kamun kifin daga bayan ƙofa ta kai ɗakin ajiya, ta ce tana tare mata shara.

Tsakanin shagon wanki da gidan mai babu tasha. Katanga ce doguwa ta wani gida, da bishiyar mangwaro da ta leƙo titi. Doka ba ta ba direba ya tsaya inda babu alama ba, shi kuwa ba mai karya doka ba ne. Yana dai ɗaga ƙafa daga totur in ya zo wurin, motar ta yi sanyi kamar za ta tsaya, leɓensa na motsi, sannan ta ɗauka. Sau shida a rana.

Kwanan baya wata tsohuwa da ke kujerar gaba ta tambaye shi ko motar ce ba ta da lafiya, don kullum a nan take yin haka. Ya ce lafiyarta lau. Ya kunna sigina, ya shiga gidan mai.